Tambaya da Amsa: Sifikar Tsada, Amfilifaya da DAC, Wanne Za a Fara Saya?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk maganar kayan sauti na falo suke yi, sai na haɗa huɗu a fili ɗaya. Na rage tsawon wasu, masu su su yi haƙuri.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kaduna: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena da ke karatu a Ingila ya taho mini da sifikoki biyu, KEF LS50 Meta. Na jona su da tsohuwar amfilifayata wadda aka rubuta 2000W a kwalinta, amma sautin bai burge ni ba. In na rage, babu nauyi, in na ƙara, sai ya riƙa tsaga kunne. Wani a kasuwa ya ce sai na sayi DAC mai tsada, na'urar da ke mayar da lambobin sautin kwamfuta igiyar lantarki, kafin su yi magana, wani kuma ya ce laifin amfilifaya ne. Kuɗina ba za su ɗauki duka biyun ba. Falona mita huɗu da biyar ne, tayil ne a ƙasa, daga kwamfuta nake sauraro. Wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, amfilifaya za ka fara saya. Kafin ka saye ta kuma, ka daina murɗa waccan tsohuwar zuwa sama, domin tsaga kunnen da kake ji gargaɗi ne, zan zo kansa.

Mu fara da 2000W ɗin kwali. Juya amfilifayar ka duba bayanta, kusa da inda wayar wuta ke shiga, akwai rubutun da ke faɗin wutar da take sha daga soket. A irin waɗannan na'urori ba abin mamaki ba ne ka ga wat 60 ko 80. Abin da ke shan wat 60 ba shi da inda zai samo 2000 ya ba sifika. Lambar kwali ita ce ake rubuta PMPO a gefenta, kuma babu wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita a kanta, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Irin wannan cika baki ne ya sa tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta wajabta wa masu sayar da amfilifaya su faɗi ƙarfin da za ta iya riƙewa a jere, ɓangarorinta biyu suna aiki tare, a kan turjiya kaza, da yawan gurɓacewar sauti kaza. Da wannan lambar ake ciniki. Duk amfilifayar da takardarta ba ta faɗi haka ba, ni ba na ɓata lokacina a kanta.

Yanzu ɗauko takardar sifikarka. Lambobi biyu kawai nake so ka nemo. Ta farko ita ce mai dB a gabanta, taka 85 ce. Ma'anarta, in aka ba sifikar bolt 2.83, wato wat ɗaya a kan om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta), mutumin da ke nisan mita ɗaya zai ji ƙara mai desibel 85. Wannan ƙasa-ƙasa ne, sifikarka ba mai saurin tashi ba ce. Kai kuma ba a mita ɗaya kake zama ba, a falo irin naka kujerarka za ta kai mita uku. Nisa yana cin kusan desibel 9 ko 10, bango da kasancewar sifikoki biyu suna maido da wasu, a ce a kujerarka wat ɗaya yana ba ka wajen desibel 80. Daga nan lissafin mai sauƙi ne amma mai tsada: duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat. Wat 2 ya ba ka 83, wat 8 ya ba ka 89, wat 32 ya kai ka 95, wat 64 ya kai 98. Sauraro na jin daɗi ba ya wuce desibel 75 zuwa 80, watau mafi yawan lokaci wat ɗaya ko ƙasa da haka kake ci. To me ya kawo maganar 64? Bugu. Lokacin da makaɗi ya sauke maɗoki a kan kalangu, ko aka busa kakaki, sautin yakan yi tsalle da desibel 15 ko fiye a cikin ƙiftawar ido, sannan ya sauka. Don wannan ƙiftawar ake sayen ragowar wat. Saboda haka tsakanin wat 60 da 100 na gaskiya a kowane ɓangare shi ne gidanka, kuma KEF da kansu 40 zuwa 100 suka rubuta.

Lamba ta biyu ita ce mai alamar Ω, turjiyar sifika, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa. Takardar ta ce om 8, amma in ka karanta gaba kaɗan za ka ga ta ce tana iya sauka zuwa 3.5. Turjiyar sifika ba tsayayya ba ce, hawa da sauka take yi gwargwadon kaurin sautin da ke wucewa. Duba yadda wannan ke wahalar da amfilifaya. In ta fitar da bolt 20 a kan om 8, amfiya 2.5 za ta tura, wat 50 ke nan. Bolt 20 ɗin nan a kan om 4 sai ta tura amfiya 5, wat 100. A kan 3.5 ma ya haura haka. Mota ce da lodi: a shimfiɗaɗɗen titi kowace tana gudu, sai an zo hawan tudu ake sanin mai inji. Don haka idan ka je saye, kada ka tsaya a lambar om 8, nemi ta om 4. Mai kyau sosai takan kusa ninkawa. Wadda ta ƙaru da rabi ma ta wadatar. Wadda takardarta ta yi shiru a kan om 4, ko aka rubuta a bayanta kada a jona ƙasa da om 8, bar ta a shago. Wannan ba sabon ilimi ba ne. NAD 3020 da ta fito a 1978 wat 20 kacal aka rubuta mata, amma ta yi suna a duniya saboda tana iya tura wuta a ƙaramar turjiya inda masu manyan lambobi ke durƙushewa.

Tsaga kunnen da na ce zan dawo kansa: idan amfilifaya ta ƙure ƙarfinta, sai ta riƙa datse kan igiyar sautin. Datsewar nan tana haifar da siraran ƙararraki masu kaifi, su kuma kai tsaye suke tafiya wurin tuwita, 'yar ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririyar murya, wadda a LS50 take zaune a tsakiyar babbar. Wanda ya taɓa buɗe ƙonanniyar tuwita ya san abin da nake faɗa. Wayar da ke naɗe a ciki ba ta fi gashin kai kauri ba, asalinta ja ce mai sheƙi, sai ka tarar ta yi baƙi, naɗin ya saki daga jikin zobensa, ga warin ƙonannen fenti da ke manne wa a yatsa. Mai ita kuwa rantsuwa yake yi amfilifayarsa ƙarama ce, ba ta da ƙarfin ƙona komai. Ƙaramar da aka takura ita ce ta fi yin wannan ɓarnar.

Sai DAC. Aikinta ta karɓi lambobin da kwamfuta ke ajiye sauti da su ta mayar da su igiyar lantarki da amfilifaya za ta iya ƙarfafawa. Kwamfutarka tana da ita a ciki, wayarka ma haka, illa dai ta cikin kwamfuta tana zaune cikin hayaniyar lantarki, wani lokaci har ka ji tsiwa a sifika in ka motsa linzami. Fitar da aikin waje yana da amfani. Amma daidaita DAC da amfilifaya ba shi da wuya ko kaɗan. Tun fitowar faifan CD a 1982 aka saba na'ura ta fitar da kusan bolt 2 ta jan da farin soket na RCA, kusan 4 ta XLR mai ƙafa uku, kuma amfilifayoyin gida an gina su su karɓi hakan. Turjiyar fitar DAC yawanci ba ta wuce 'yan ɗaruruwan om ba, ta shigar amfilifaya kuwa dubu goma ce zuwa sama, ƙa'idar cewa ta shiga ta ninka ta fita aƙalla sau goma ta cika ba tare da ka yi komai ba. A ra'ayina, kuma na san wasu abokan sana'a za su yi mini ca, bambancin da ke tsakanin DAC mai matsakaicin kuɗi ta kamfanin kirki da mai tsadar gaske ƙanƙane ne ƙwarai in aka daidaita ƙararsu, bai kai ko kusa da bambancin da kafet ɗaya zai kawo a falonka ba.

Hanyar da ta fi maka sauƙi ita ce amfilifaya mai DAC a ciki. Cambridge Audio CXA81 misali ce: wat 80 a om 8, wat 120 a om 4, ga DAC ta kamfanin ESS da kafar USB, kebul ɗaya daga kwamfuta ka gama. Yamaha A-S801 ma tana da wat 100 a om 8 da kafar USB. Ba talla nake yi musu ba, nuna maka nake yadda takardar mai gaskiya take kama.

Abu biyu da kuɗin amfilifaya ba za su gyara ba. LS50 ƙaramar sifika ce, babban faifanta inci biyar da kwata ne, a sauti mai kauri, ƙasa da Hz 80, ta fara sanyi. In girgizar ƙirji kake nema, sai ka ƙara wufa, sifikar kaurin sauti, ta daban daga baya. Na biyu, tayil da bango tsirara da rufin POP suna watso siririn sauti ta ko'ina, kuma rabin kaifin da ke damunka daga nan yake. Shimfiɗa kafet mai kauri tsakaninka da sifikokin, sa labule mai nauyi, ɗora su a kan matsayi yadda tsakiyarsu za ta zo daidai kunnenka in kana zaune, ka janye su daga bango kamar rabin mita saboda ramin iskarsu a baya yake. In dole sai sun matsi bango, soson da ya zo a kwalin na toshe ramin ne, kada a jefar. Ranar gwaji kuma ka sa muryar da ka sani sosai, karatun alaramman da ka saba ji ko waƙar da ka haddace. Kunne ya fi gane ƙarya a muryar mutum.

Tambaya daga wani dattijo a Sakkwato: Ɗana ya aiko mini da amfilifaya mai kwalabe, irin na tsohuwar rediyo, daga Amurka, McIntosh MC275, da sifikoki Klipsch Heresy IV. Abokina ya ce wat 75 wasan yara ne ga manyan akwatuna irin waɗannan. Gaskiya ne? Kuma zan iya jonawa kai tsaye?

Amsa: Ranka ya daɗe, kada a jona tukuna. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Kayan da aka yi wa kasuwar can in aka soka su a soket ɗinmu, in an yi sa'a fiyus ne zai tafi, in ba a yi ba taransifomar ciki ce, ita kuwa ba a samunta a bakin titi. A sa yaro ya karanta rubutun bayanta. In 120V aka rubuta, sai an nemo taransifomar rage wuta, mai ɗaukar kamar ninki biyu na abin da amfilifayar ke sha, domin lokacin kunnawa takan finciki wuta da yawa. A duba kuma ko an rubuta 50/60Hz. In 60 kaɗai ce, za ta yi aiki a 50 ɗinmu amma taransifomarta za ta fi ɗaukar zafi. In akwai garmaho a cikin kayan, shi ma a duba, domin mai injin da ke bin bugun wuta zai riƙa juya faifai a hankali a nan, mawaƙi ya koma kamar mai jin barci.

Maganar abokinka kuwa, Allah ya ba shi haƙuri, ya juya lissafin. Girman akwati ba shi ke nuna yunwar sifika ba. Klipsch sun rubuta wa Heresy IV desibel 99. Masu awo na waje sukan sami lambobin kamfanin sun ɗan haura gaskiya, amma ko an zaftare desibel uku ko huɗu tana nan cikin masu saurin tashi. Kwatanta da ta ɗan'uwanmu na Kaduna mai 85: a kan takarda tazarar desibel 14 ce, wato abin da waccan za ta yi da wat 25 wannan za ta yi da wat ɗaya. Paul Klipsch ya fitar da Heresy ta farko a 1957 a garin Hope na jihar Arkansas, zamanin da amfilifayoyin gida kusan duk masu kwalabe ne masu 'yan wat kaɗan, MC275 kuma ta fara fitowa a 1961. 'Yan zamani ɗaya ne, kuma wat 75 ya yi wa falonka yawa ma.

Abin lura a haɗin naka daban ne. MC275 amfilifayar ƙarfi ce zalla, zaɓar na'ura da sarrafa murya aikin wata na'ura ce a gabanta. DAC mai maɓallin murya za ta iya wannan aikin, amma a nemi mai tsit, domin sifika mai saurin tashi tana tona asirin duk wata tsiwa da ke cikin layi. A tabbata kuma tana tuna inda aka bar murya in an ɗauke wuta an dawo. Wadda ke farkawa da cikakkiyar murya, a kan desibel 99, za ta tashi unguwa. Wajen kunnawa DAC ce farko, amfilifaya ƙarshe, wajen kashewa a fara da amfilifaya. A bayanta akwai wuraren ɗaura waya na om 4 da 8 da 16, Heresy ta 8 ce. Kada a taɓa kunna mai kwalabe babu sifika a jone, hakan yana lalata taransifomar fitar sauti.

Sai zafi. Kwalaben KT88 guda huɗu ne a kanta, suna ƙuna kamar fitila ko ana kiɗa ko ba a yi, kai kuma kana garin da Afrilu ke haura digiri 40. Kada a sa ta cikin rufaffen kabad, a bar mata sarari sama da gefe, a bar ragar ƙarfen a kanta saboda jikoki. Lokacin hunturu a rufe ta da ƙyalle saboda ƙura, amma sai ta huce. Wanda ke irin garinku kuma bai riga ya saya ba, ni nakan ce ya duba amfilifayar ajin D, wadda kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da take sha ke tafiya sifika maimakon ya zama zafi. A da ana raina su, amma na zamani irin masu allon Hypex ko Purifi sun rufe bakin masu rainin, ga sauƙi a kan batirin inbata.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Damagaram: Malam, amfilifayarmu tana wani gurnani ƙasa-ƙasa ko ba a sa komai ba. Ya fi yawa in mun jona talabijin, da dare kuma in muka koma inbata sai akwatin kansa ya riƙa zuuu.

Amsa: Hajiya, cuta biyu ce, kowace da maganinta. Ki kasa kunne ki bambance: wanda ke fitowa daga sifika, da wanda ke fitowa daga jikin akwatin amfilifaya.

Na sifika, tunda yana ƙaruwa da talabijin, kusan tabbas hanyar ƙasa ce ta zama biyu. Talabijin da dikoda suna haɗe da wayar tauraron da ke waje, amfilifaya tana haɗe da soket, sai 'yar wuta ta riƙa zagayawa tsakaninsu ta cikin wayar sauti, bugun Hz 50 ɗinta shi ne gurnanin. Gwaji: a zare wayar tauraron daga dikoda. In ya yi tsit, kin kama ɓarawon. Magani mafi arha shi ne kebul na haske, Toslink, daga talabijin zuwa DAC ko amfilifaya mai kafarsa. Haske ne ke tafiya a ciki, babu ƙarfen da wuta za ta bi. A shiga saitin talabijin a mayar da fitar sauti zuwa PCM, in ba haka ba DAC ta gida za ta yi shiru ko ta riƙa shaaa. A kuma jona dukkan kayan a soket ɗaya. In wani mai gyara ya ce zai cire ƙafar filogi ta uku, kada ki yarda. Gurnanin zai iya tafiya, amma ƙafar nan ita ke tsare mai taɓa akwatin ranar da waya ta kunce a ciki.

Na jikin akwatin kuwa daga inbata ne. Masu arha ba sa fitar da wuta mai santsin igiya irin ta gari, tasu mai matakala ce, taransifomar amfilifaya kuma ba ta jure wannan, sai ta yi ta rawa tana ɗaukar zafi. Babu DAC ko kebul da zai gyara shi. Ko dai a canza zuwa inbata mai tsantsar igiya, ko a bar amfilifayar ta huta sai wutar gari ta dawo.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Na ga DAC an rubuta 32-bit/768kHz, na ga kuma wayar sifika da ta fi wayata ta hannu tsada. Dole ne?

Amsa: Ba dole ba ne, ɗana. Faifan CD bit 16 ne da kHz 44.1, wanda ke ɗaukar sauti har kHz 22 da tazarar desibel 96 tsakanin shiru da ƙara. Kunnen yaro mai lafiya a kHz 20 yake tsayawa, na manya ƙasa da haka, ɗakin da fanka ke juyawa kuma ya riga ya cinye ƙasan tazarar. Duba abin da kake zuba wa DAC ɗin tukuna. Waƙar da aka matse zuwa MP3 mai kbps 128, ta bi ta WhatsApp hannu zuwa hannu, abin da aka zubar daga cikinta ya tafi, babu na'urar da za ta dawo da shi. Sifika mai kyau ma ƙara fito da raunin take yi. Nemi FLAC, nau'in fayil da ba a zubar da komai a cikinsa, ko aƙalla kbps 320.

Waya kuwa, jan ƙarfe zalla mai kaurin milimita murabba'i 2.5 ya isa duk tsawon da ɗaki zai buƙata, a yanka biyun daidai, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka ɓangarorin, in aka juya ɗaya nauyin sautin zai ɓace. Abin da za ka kiyaye a kasuwa shi ne alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ka tafi da reza, ka roƙi mai shago guntu, ka kankare zare ɗaya. In cikinsa ja ne ka biya, in fari ya bayyana ka mayar masa.